Darasi Na Tara: Sauya Kwantak Da Na'urar Lantarki A Tsohuwar Mota

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Gwarzo ko Kabo kafin shekarar 2000 ya san zamanin da Fijo ke mulkin hanyar Kano. A tashi daga Kabuga, a bi ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, a wuce Janguza da Rimin Gado, a ratsa ƙasar Kabo har Gwarzo, a zarce Dayi ta jihar Katsina: Fijo 504 ce ke jigilar mutane, akori-kura kuma na kwaso hatsi da tumaki daga kasuwanni irin su Getso. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, alhali a Faransa an daina ƙera salun ɗinta tun 1983. Yau Golf da Sharon da bas-bas sun karɓe tasha. Duk da haka 504 ba ta ƙare ba. Akwai akori-kurar da har gobe ke cin kasuwa, akwai wadda dattijo ya riƙe tun yana aikin gwamnati ya ƙi rabuwa da ita, akwai kuma wadda magada suka tarar a zaure lulluɓe da tamfol suna son su tashe ta.

Irin waɗannan motoci, da 'yan'uwansu kamar 404 da Volkswagen Bitil da tsohuwar Land Rover, ciwonsu ɗaya ne, kuma duk direban da ya taɓa riƙe su ya san sunansa: kwantak. A wannan darasi za ku koyi aikin da kwantak ke yi, da abin da ke cinye shi, da yadda ake cire shi a sa 'yar na'urar lantarki a gurbinsa ba tare da an yar da distiribitar asali ba.

Inda tartsatsi ke fitowa

Batirin mota volt 12 ne. Wannan wuta ba ta isa ta tsallake ɗan giɓin da ke bakin fulogi ba, ko da yake giɓin bai kai milimita 1 ba. Kafin ta yi tsalle a cikin silinda, inda fistin ya matse iska da fetur, sai an ɗaga ta zuwa kamar volt 15,000 ko 20,000. Kwayil ne ke wannan aiki. A cikinsa akwai naɗin waya iri biyu a kan ƙarfe guda. Naɗin farko waya ce mai kauri, zagaye 200 zuwa 300. Na biyu siririya ce ƙwarai, zagaye wajen 20,000.

Idan wutar batir ta bi ta naɗin farko, ƙarfen nan sai ya zama maganaɗisu. A nan ne masu koyo da yawa ke ɓata lissafi, don haka ku riƙe wannan da kyau: tartsatsi ba ya fitowa lokacin da aka ba kwayil wuta, yana fitowa ne lokacin da aka yanke masa ita. Da an yanke, ƙarfin maganaɗisun sai ya rushe farat ɗaya, rushewar tasa kuma ita ke haifar da babbar wuta a naɗi na biyu. Daga nan ta bi ƙatuwar wayar tsakiya zuwa murfin distiribita, rota ta karɓa ta miƙa wa fulogin da lokacinsa ya yi. A injin 504 jerin kunnawar 1-3-4-2 ne, a Bitil kuwa 1-4-3-2.

To, wa ke haɗa wutar yana yankewa? Kwantak. Makunni ne kawai, baki biyu na ƙarfe mai jure zafi, ɗaya a kafe, ɗaya a kan hannu mai sifirin. Sandar distiribita tana da kafaɗu huɗu a inji mai silinda huɗu. Tana juyawa, kowace kafaɗa sai ta ture 'yar dunduniyar faiba da ke jikin hannun, baki ya buɗe, wuta ta yanke, fulogi ya yi tartsatsi. Kwandansa kuma, ɗan gwangwanin nan da ke maƙale a gefe, shi ke shanye wutar da ke son tsallakawa tsakanin bakunan biyu a daidai lokacin buɗewa, don yankewar ta zama mai kaifi kuma kada bakin ya ƙone. Wannan tsari wani injiniyan Amurka mai suna Charles Kettering ne ya fito da shi a garin Dayton na jihar Ohayo, aka fara sa shi a motar Cadillac a 1910. Ya yi fiye da shekara 60 yana mulki kusan ba a canja masa komai ba.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Distiribita na juyawa sau ɗaya duk lokacin da inji ya juya sau biyu, kuma a kowane juyi nata kwantak na buɗewa sau huɗu. Idan inji na juyi 3,000 a minti, distiribita na yin 1,500, kwantak kuma na buɗewa sau 6,000 a minti, wato sau 100 a daƙiƙa guda. Tafiyar awa ɗaya a haka, kamar daga Kano zuwa Gwarzo idan hanya ta yi kyau, buɗewa 360,000 ke nan. A kowace buɗewa yana yanke wuta ta amfiya 3 zuwa 4. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara mamakin yadda kwantak ke saurin cinyewa ba.

Abin da ke cinye shi

Wuri biyu yake lalacewa. Bakin yana ƙonewa a hankali, gefe ɗaya ya yi ƙurji, ɗayan ya yi rami. Idan kwandansa jabu ce, kuma jabun ta yi yawa a kasuwa yanzu da manyan kamfanoni suka rage ƙera ta, to ƙonewar ba ta ɗaukar lokaci.

Na biyun ya fi ɓarna domin ba a ganinsa da ido. Dunduniyar faiba tana gogar kafaɗun sanda tana sudewa. Littafin 504 da na Bitil duk sun ce giɓin kwantak ya zama milimita 0.40 idan ya buɗe sosai. Dunduniya na sudewa, giɓin na raguwa, kwantak sai ya riƙa makara wajen buɗewa, tartsatsi ya zo a makare. Wato taimin na zamewa da kansa ba wanda ya taɓa shi. Mota sai ta fara nauyin tashi da safe, ta rasa ƙarfi a hawa, lagireto ya riƙa tafasa, mai ya riƙa tafiya. A ƙasarmu abin ya fi sauri, saboda ƙurar hunturu tana shiga ta haɗu da girishin da ke kan kafaɗun ta zama abin gugar ƙarfe. Motar da ke shiga hanyoyin burji na ƙauyukan Kabo da Gwarzo a watan Janairu ba za ta jira kilomita 10,000 da littattafan wancan zamani kan yanka don duba kwantak ba.

Da can da mai ke da araha ana iya kawar da kai. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, motar da taimin ɗinta ya zame aljihun mai ita take ci.

'Yar na'urar da ke maye gurbinsa

Kada kalmar lantarki ta tsorata kowa. Duk mai Boxer ko Jincheng yana hawa kan irin wannan fasaha kullum, domin CDI ɗin babur, wato abin da ke ba fuloginsa tartsatsi, ba shi da kwantak. Haka injin ban ruwa da masu noman rani ke ja da igiya. Golf ɗin da ke lodi a tasha ma distiribitarta ba kwantak a ciki. A Amurka kamfanin Chrysler ya mayar da dukkan motocinsa kan kunnawar lantarki a 1973, General Motors ya biyo baya da nasa tsarin a tsakiyar shekarun 1970, Turai da Japan suka bi sahu.

Dabarar ita ce a raba aikin kwantak gida biyu. Wani abu ya riƙa lura da juyawar sanda ba tare da ya taɓa ta ba, sannan tiranzista, wadda makunni ce marar motsi, ta riƙa haɗa wutar kwayil tana yankewa. Babu gogayya, babu bakin da zai ƙone, ba a kuma bukatar kwandansa.

Abin lurar iri uku ne. Wanda ya fi yawa a kayan sauyi shi ne mai zoben maganaɗisu. Zobe ne na roba da ake zura wa kafaɗun sanda, a cikinsa an binne 'yan maganaɗisu huɗu. Kusa da shi, a daidai inda kwantak yake a da, ana ɗaure modul ɗin, ɗan abu da bai fi akwatin ashana ba. Duk maganaɗisun da ya gifta ta gabansa sai ya ji, ya yanke wutar kwayil. Ilimin da aka gina wannan a kai wani masani ne, Edwin Hall, ya gano shi a Jami'ar Johns Hopkins a 1879, kafin a ƙera motar fetur ta farko. Kamfanoni irin su PerTronix na Amurka da AccuSpark da Powerspark na Ingila irin wannan suke yi, akwai kuma na Sin marasa suna birjik. Iri na biyu mai ido ne: ɗan haske a gefe guda, ido a ɗaya gefen, farfela mai fukafukai huɗu tana gifta tsakaninsu. Lumenition ta Ingila ta yi suna da shi. Yana aiki daidai, amma a ganina ba shi ne na ƙasar ƙura ba, don duk abin da ya dogara da ido ƙura da tururin baƙin mai na iya dushe shi.

Iri na uku shi ne wanda Fijo ɗin baya-baya suka fito da shi daga kamfani: tauraro mai haƙora huɗu a kan sanda, da ɗan naɗin waya a gefensa, modul ɗin kuma yana waje a ɗaure kan farantin alminiyam. Da yake akwai 505 masu inji irin na 504, wasu kanikawa kan nemo distiribitar 505 ta Baljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa su dasa ta gaba ɗaya. Hanya ce mai kyau, da sharaɗin a ɗauko ta da modul ɗinta da kwayil ɗinta da wayoyinta, kada a haɗa gambiza.

Mai mota zai tambaye ku, kuma ya kamata amsarku ta zama gaskiya.

"Malam, an ce idan na sa wannan abin motar za ta ƙara gudu. Haka ne?"

"Alhaji, gudun da ta fito da shi daga Kaduna shi za ta riƙe maka. Ba za ta ƙara ba, sai dai ba za ta riƙa zubar da shi a hanya ba."

Wanda ya ji motarsa ta ƙara ƙarfi bayan sauyi, to da ma da zamammen taimin yake yawo.

Kafin a kashe ko sisi

Kayan sauyi ba da sunan mota ake sayensu ba, da sunan distiribita ake saye. A 504 kaɗai za ku iya tarar da ta Ducellier, ko ta SEV Marchal, ko ta Paris-Rhône, ko Bosch, kuma cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Bitil galibi Bosch ce, Land Rover kuma Lucas, kamar 25D ko 45D. Motar da ta yi shekara 40 a hannu daban-daban ba mamaki an taɓa sauya mata. A goge jikin distiribita da tsumma da ɗan fetur, a kwafe suna da lambar da ke jiki, a buɗe murfi a ɗauki hoton cikin da waya. Da wannan ake zuwa wurin mai kaya. A kuma tabbatar wace sandar batir ce ke haɗe da bodi. Kusan duk motocin da za ku gani nagetif ne, amma Land Rover da ta girmi 1967 tana iya zama fozitif, Bitil ɗin wancan lokaci kuma na iya zama volt 6. Kowannensu da irin modul ɗinsa.

Sai a duba lafiyar distiribitar kanta, domin modul aikin kwantak kawai ya karɓa, sauran aikin na nan a kanta. Fetur ba ya ƙonewa nan take, yana bukatar ɗan lokaci. Saboda haka ake kunna shi tun fistin bai ƙarasa hawa ba, kuma gwargwadon saurin inji, gwargwadon yadda tartsatsi zai riga shi, kamar yadda maharbi ke saita gaban tsuntsun da ke tashi ba jikinsa ba. A ƙarƙashin farantin kwantak akwai ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin biyu. Inji na ƙara gudu suna buɗewa, suna tura kafaɗun sanda gaba. Ku kama rota ku murɗa ta wajen da take juyawa: ya kamata ta ɗan tafi, kuna saki ta dawo da kanta. Idan ta ƙage, ko ta tafi ta ƙi dawowa, a warware a wanke a sa mai. Akwai kuma wani gwangwani na daban a gefe, na zuƙa, mai siririn tiyo zuwa kabireta, shi kuma yana matsar da farantin idan inji ba ya jan kaya. A cire tiyon daga kabireta a zuƙa da baki. Farantin ya motsa, ya kuma tsaya muddin harshe na toshe da bakin tiyon. Idan iska kawai kuke sha, fatar ciki ta yage. A ƙarshe a girgiza sandar gefe da gefe. Modul na haƙuri da ɗan lilo fiye da kwantak, amma idan lilon ya kai zobe na gogar modul, sai an sa sabon bushi tukuna.

Yanzu kwayil, wanda shi ne ya fi kashe sabon modul. A cire duk wayoyin da ke kan ƙananan ƙusoshinsa biyu, a sa mita a kan ohm, a fara haɗa bakunan mitar da juna a ga abin da ta nuna, sannan a auna tsakanin ƙusoshin a debe wancan. Ƙa'idar lissafin ita ce a raba volt da ohm a sami amfiya. Kwayil mai ohm 3 a kan volt 12 yana jan amfiya 4, wanda shi ne abin da yawancin ƙananan modul na inji mai silinda huɗu aka yi su su ɗauka. Mai ohm 1.5 zai ja amfiya 8. Kwayil ɗin motocin zamani kuwa bai kai ohm 1 ba, an yi shi ne don modul mai iya taƙaita wuta da kansa. Wanda ya ɗauko irin wannan don an ce masa ya fi wuta, ya haɗa da ɗan modul mai zobe, zai ga hayaƙi kafin ya fita daga gareji. Takardar da ke cikin kwalin tana faɗin mafi ƙarancin ohm da ake so. A karanta ta, ko a ba wanda zai karanta.

Wasu motocin suna da kwayil mai ohm 1.5 tare da wani farin dutse na tangaran a gabansa wanda ke rage wutar. Idan akwai shi a bar shi yana yi wa kwayil aiki, amma jar wayar modul a ɗauko ta daga inda wuta ke shiga dutsen, don modul cikakken volt 12 yake so.

Aikin kansa

A cire kan batir na nagetif. A juya inji da hannu har rota ta fuskanci wayar fulogi na ɗaya, a yi alama da alli ko fenti a jikin distiribita da jikin inji. Ana iya yin aikin tana kan mota, amma ga mai koyo ya fi sauƙi a ciro ta a ɗora kan tebur, don ɗan sukurun da ya faɗa cikinta a kan mota yini guda zai ci.

A cire murfi da rota, a kwance kwantak da kwandansa da 'yar wayarsu. Akwai wata siririyar waya saƙaƙƙiya da ke haɗa farantin da ke motsi da jikin distiribita. Kada a cire ta, kuma idan ta tsinke a sa wata, domin ta nan wutar modul ke komawa bodi. Motoci da yawa da ake cewa modul ɗinsu ya mutu, wannan 'yar wayar ce ta ruɓe. A goge farantin tas, a ɗiga baƙin mai ɗigo biyu a kan ɗan audugar da ke tsakiyar sanda ƙarƙashin rota. Idan an haɗo da farin man shafawa a kwalin, a shafa shi a bayan modul kafin a ɗaure. Ba gam ba ne, zafi yake ja daga modul zuwa ƙarfe, kuma a watan Afrilu da zafin gari ke haura digiri 40 a inuwa, kuna iya ƙiyasta abin da ke ƙarƙashin bonet.

A zura zobe a kan kafaɗu a danna da yatsu har ya zauna, ban da guduma. Idan modul ɗin mai saiti ne, za a ga ɗan ma'aunin roba a kwalin, yawanci ƙasa da milimita 1. Da shi ake gwada tazarar zobe da modul, ba da fila-gejin ƙarfe ba, don maganaɗisu zai riƙe ƙarfen ya ruɗe hannu. A fitar da wayoyi biyu ta ramin da tsohuwar waya ta bi, a sa musu robar bakin rami, a bar musu ɗan sassauci a ciki yadda faranti zai motsa ba tare da ya ja su ba, zobe kuma bai goge su ba. A mayar da rota, a tabbatar ta zauna har ƙasa.

Idan babu farin dutsen nan, jar waya tana zuwa fozitif na kwayil, baƙa kuma tana zuwa nagetif. Idan aka juya su ko na ƙiftawar ido ne, modul ya tafi, kuma ba ya gyaruwa. Ba kowane kwayil ke da alamar tarawa da debewa ba. A na Bosch lamba 15 ce fozitif, lamba 1 nagetif. A na Faransa za ku ga BAT a fozitif, RUP a wajen kwantak. A tsohon Lucas SW ne wajen makulli, CB wajen kwantak. Kuma kada a yarda da inda aka tarar da wayoyi, don wani ya iya juya su shekaru da suka wuce kwantak bai yi ƙorafi ba. A mayar da batir, a kunna makulli, a gwada da mita wace waya ce ke kawo wuta, a kashe, sannan a haɗa.

Da wuya modul ya yanke wuta a daidai inda kwantak ke yankewa, saboda haka sake taimin dole ne. Kanikawanmu da yawa da kunne suke yi, su murɗa distiribita har inji ya fi daɗin sauti a silo. Kunnen gwani abin girmamawa ne, amma inda inji ya fi daɗi a silo galibi tartsatsi ya yi gaba fiye da kima, sai an ɗora kaya an shiga hawa a ji yana ƙyas-ƙyas, wanda in ya daɗe fistin yake ci. Fitilar taimin ita ce hujja. A maƙala ta a wayar fulogi na ɗaya, a cire tiyon zuƙa a toshe shi idan littafin motar ya ce haka, a haska alamar da ke kan fuli, a murɗa distiribita a hankali har alamar ta tsaya inda littafi ya ce. A irin waɗannan injuna abin kan faɗa tsakanin digiri 5 da 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Faransawa kan fara ƙirga silinda daga wajen giyabos, ba daga wajen fanka ba, amma wannan ba zai ɓata muku aiki ba, tunda fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa, ko wanne kuka maƙala alama ɗaya za ku gani. Sannan a ba da totur a ga alamar tana gudu gaba tana dawowa. A ɗaure, a fita gwaji.

Hasken fitilar nan yana sa fanka da bel su yi kamar a tsaye suke alhali suna gudu. A naɗe hannun riga, a cire babbar riga da rawani, a kawar da galan ɗin fetur.

Halayen da za a bari

Kwantak na da haƙuri da ganganci, modul ba shi da shi. Akwai ɗabi'ar cire kan batir inji na aiki don a gwada ko altaneta na caji. A daina. Batir shi ke danne hauhawar wutar altaneta, da an cire shi wutar na iya tsalle ta ƙone tiranzista. Mita ce ke gwada caji: volt 13.8 zuwa 14.5 a kan batir inji na aiki. Haka kai mota wurin mai walda ba a cire batir da wayoyin modul ba, da tashin mota da batir biyu a jere irin na babbar mota. Haka zare wayar fulogi a bar ta tana lilo inji na aiki, don wutar da ba ta sami inda za ta tsallaka ba komawa take ta nemi hanya ta cikin kwayil da modul. Sai kuma barin makulli a kunne inji a kashe ana jin rediyo a inuwa: idan zobe ya tsaya a inda wuta ke haɗe, kwayil da modul za su yi ta dahuwa.

Idan mota ta ƙi tashi, a haɗa fitilar gwaji tsakanin nagetif na kwayil da bodi, wani ya yi kik. Fitila na ƙiftawa, modul na aiki, a nemi matsalar a rota ko murfi ko kabireta. Idan ta tsaya a kunne ko a mace, a duba wuta a jar waya, a duba saƙaƙƙiyar wayar nan, sannan a zargi modul.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai mota ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Kwantak yana ba da sanarwa kafin ya mutu, kuma ko a ƙarƙashin bishiya tsakanin Garo da Gwarzo ana iya goge bakinsa da 'yar takardar yashi, a saita giɓi da kwalin sigari, a ƙarasa gida. Modul kan yi shekaru ba a buɗe murfi ba, amma ranar da zai mutu lokaci ɗaya yake mutuwa, kuma sabo sai an shiga Kano, wani lokacin ma sai an yi oda. Saboda haka kwantak da kwandansa da wayarsu da sukurorinsu da aka cire, a ƙulle su a leda tare da sukundireba a ajiye a aljihun gaban mota, a kuma yi wata alama ta daban a jikin distiribita da ke nuna inda take zama a lokacin kwantak. Mai akori-kurar da ke fita kasuwa kullum shi ya fi kowa cin ribar sauyin. Motar da ba ta fita sai ranar Juma'a da Sallah, kwantak mai kyau da kwandansa ta asali sun ishe ta.

Aikin yi

1. Inji mai silinda huɗu yana juyi 2,400 a minti. Sau nawa kwantak ke buɗewa a minti? Sau nawa a daƙiƙa?

2. An auna kwayil uku aka sami ohm 3.2, da 1.5, da 0.7. Ku fitar da amfiyar da kowanne zai ja a kan volt 12, ku faɗi wanda za a iya haɗawa kai tsaye da modul ɗin da takardarsa ta ce kada a gaza ohm 3.

3. Ku bayyana da bakinku, kamar kuna yi wa direba bayani, dalilin da ya sa sudewar dunduniyar kwantak ke sa mota zafi da shan mai.

4. Ku rabu uku-uku ku je garejin da ke kusa da ku, ku roƙi maigidan wurin ya ara muku tsohuwar distiribita. Ku kwafe suna da lambar da ke jikinta, ku gwada ƙarafan nauyi da gwangwanin zuƙa da lilon sanda kamar yadda aka nuna, ku zo aji na gaba da hukuncinku a rubuce: ta cancanci a sa mata modul yadda take, ko sai an fara gyara wani abu?